Keken zuwa aiki ba na kwalliya ba ne: mu fara da birki, fitila da marfin taya



Yau maganar keke nake son mu yi. Na san wani zai ce ana fama da tsadar gero da matsalar tsaro shi kuma ga shi da zancen keke. To a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin keken nan shi ne motar talaka, kuma yadda muke barinsa tsirara yana ci mana kuɗi, wani lokacin har da rai.

Abin da ya tado mini maganar ya faru a daminar da ta wuce. An yi ruwa da asuba, na fito cikin farin yadi zan tafi wurin aiki, na hau sabon keken gwanjo da na saya, irin mai giya ɗin nan da samari ke so. Ban yi nisa ba na ratsa wani ɗan ruwa da ya kwanta a hanya. Ina isa abokan aiki suka fashe da dariya. Ashe tayar baya ta zana mini layin taɓo tun daga ƙugu har ƙeya, ta gaba kuwa ta watsa mini a wando. Da yamma na kai keken wurin wani dattijo mai gyara. Ya dube shi ya ce, "Ɗana, wannan ai na tsere ne, ba na neman abinci ba." Na ce, "Baba, to me ya rasa?" Ya ce, "Ka tambayi abin da yake da shi dai." Babu marfin taya, babu kariya, babu fitila, babu ƙararrawa, sarƙa a waje.

Gaskiyar dattijon nan ita ce maganata. Kekunan da iyayenmu suka hau, irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na Cana, da kayansu suke zuwa: marfin taya gaba da baya, marfin sarƙa, kariya mai ƙarfi, ƙararrawa, wasu har da dinamo. Yanzu kasuwa ta cika da gwanjon da aka ƙera don hawan duwatsu ko motsa jiki a ƙarshen mako. Mu kuwa da shi za a je lakwal, a je kasuwa, a je gona, a kai hatsi niƙa. Abin takaici ma, wanda ya samu mai cikakken kaya sai ka ga yaro ya kwance marfin tayar ya jefar, wai yana ƙara nauyi, wai na tsofaffi ne. Sannan ya sayi sitika da furen roba ya liƙa.

Kuma keke ya dawo, ko mun so ko mun ƙi. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, man kwalba da muka saba saye da araha a bakin hanya ya yi tashin da kowa ya gani. Ko da gwamnati ta rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499 a watan Yulin 2024, mun ga layukan mai a watan Maris na 2025. Malamin makaranta da ke zaune cikin Tasawa yana koyarwa a ƙauyen kusa, ko ɗalibin da ke shigowa CEG daga nesa, ya yi lissafin kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa na wata guda, zai gane dalilin da ya sa keke ya fi masa. To tun da shi ne abin hawan kullum, sai a shirya shi shirin kullum.

Ga yadda nake ganin ya kamata a jera abubuwan, daga wanda ya fi muhimmanci.

Na farko birki. Kada wanda ya yi zancen wani abu alhali yana tsayar da kekensa da silifa. Robar birki tana cinyewa da wuri a ƙasarmu saboda yashi, kuma in ta jiƙe ba ta kamawa nan take. A duba gaba da baya, duka biyun.

Na biyu fitila da abin ƙyalli. Babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, wadda ta taso daga Maradi ta bi Agye da Gazawa ta ratsa Tasawa ta nufi Damagaram, manyan motoci da bas-bas ne ke gudu a kanta dare da rana. Duk wanda ya taɓa zama gaban mota bayan magariba ya san yadda mai keke ke ɓullowa kamar daga ƙasa, babu haske, rigarsa mai duhu. Direban da fitilar wata mota ta dalle masa ido ba zai gan ka ba sai ya zo kanka. Fara a gaba, ja a baya. In babu halin sayen ta keke, tocilan mai caji da aka ɗaure da robar tsohon tiyub ya fi babu, kuma ƙyallen nan mai ƙyalli da ake liƙa wa motoci ana iya yanka shi a manna a bayan kariya da feda. Lokacin hunturu da hazo ke rufe gari, har da safe ana bukatarsu.

Na uku marfin taya, wanda a faransanci ake ce wa garde-boue. A nan ne na san za a yi mini gardama. Za a ce damina wata uku ce ko huɗu, ƙasarmu jigawa ce mai shanye ruwa, kuma yara na hutu a lokacin. Akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya san Tasawa ya san tafkunanta da yadda ruwa ke kwanciya a unguwanni, wanda ya san Mayahi ya san yadda fadamar Gulbin Kaba take in ta sha ruwa. A 2024 ma ambaliya ce ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Ban da haka, ruwan wanka da na wanke-wanke da ake saki a lungu bai san rani ba, haka kashin dabbobi a hanyar kasuwa. Wannan ƙazantar ce taya ke ɗebowa ta watsa wa tufafin da za ka yi salla da su, ta watsa wa sarƙa da birki. Taɓo da yashi in suka haɗu da mai a jikin sarƙa, tamkar dutsen wasa wuƙa ne, a hankali suke cinye haƙora.

Amma a ɗaura shi daidai. A bar tazarar da yatsa zai shiga tsakaninsa da taya, in ba haka ba laka za ta cushe ta riƙe tayar. A ɗaure ƙusoshin da kyau, domin marfin gaba in ya kwance ya shige cikin wayoyin taya, kifar da mutum yake yi ta ka. Kuma yawancinsu gajeru ne: a yanko roba daga tsohuwar jarka ko tiyub ɗin mota a ƙara masa harshe a ƙasa, ƙafa za ta tsira.

Na huɗu kariya da marfin sarƙa. Jarka mai lita 25 in ta cika ruwa kilo 25 ce, biyu kilo 50 ke nan. Siririyar kariyar gwanjo ba a yi ta don wannan ba. Maƙeranmu da masu walda suna iya yin mai ƙarfi, a raba kayan dama da hagu, a sauke su ƙasa-ƙasa don kada keken ya riƙa rawa cikin yashi. Ba sabon tunani ba ne: ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta ƙera kekenta na Buffalo don ƙauyukan Afirka da kariya mai ɗaukar kilo 100. Marfin sarƙa kuwa, mu masu jallabiya da babbar riga, da 'yan matanmu masu zane da dogon hijabi, mu muka fi kowa bukatarsa. Wanda kuma ke goya yaro a baya, don Allah a sa abin da zai kare dugadugansa daga wayoyin taya. Raunin nan yana da muni kuma ba ya warkewa da wuri.

Na ƙarshe famfo da kayan faci. Tsidau da ƙayar aduwa ba sa jin roƙo, kuma tsakanin Kanambakashe da ƙauyen gaba ba lallai ka samu mai faci ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san babbar hujjar ita ce babu kuɗi. Ban musa ba. Shi ya sa na jera su, ba a ce a saya rana guda ba. Wannan watan robar birki, wata mai zuwa fitila. Abin da nake ƙi shi ne a samu na sitika a rasa na abin ƙyalli.

Kirana ga masu sayar da keke: ku riƙa kawo kayan nan tare, ku gaya wa mai saye gaskiya. Ga masu gyara: in yaro ya zo a kwance masa marfin taya, ku yi masa faɗa irin na uba. Ga daraktocin makarantu da kwamitin iyaye: a ware safiya ɗaya a farkon shekara a duba keken kowane ɗalibi, kamar yadda ake duba farce da tsabta. Ga hukumomin gari daga Maijirgi da Korgom har Sarkin Hausa da Cake: ranar 3 ga Yuni ita ce ranar keke ta duniya tun 2018, ana gab da damina, lokaci ne mai kyau na tara masu gyara a wayar da kan jama'a.

Ni dai nawa yanzu ya samu marfin taya da jar fitila a baya, ya ƙara nauyi kaɗan, amma ina isa wurin aiki da farin yadina fari. Wanda ke da wata dabara da ya gwada a garinsu ya faɗa mana mu ƙaru. Allah ya tsare mu a hanya, ya mayar da yaranmu gida lafiya.