Zazzaɓi bayan dashen ƙoda: a nemi gwajin CMV

Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yanzu kuma a Yola da Jimeta akwai gidajen da ke jinyar wanda aka yi wa dashe a Kano, Abuja ko Indiya. Da su nake magana a wannan mako.

Akwai wata ƙwayar bairos da ake kira CMV. Yawancin manya a ƙasar nan suna ɗauke da ita tun yarinta, tana kwance a jiki ba ta damun kowa. Wanda aka yi wa dashe kuwa yana shan magungunan da ke danne garkuwar jiki, irin su takrolimus, don kada jiki ya ƙi sabuwar ƙodar. A nan ƙwayar ke samun damar farkawa. Haɗarin ya fi yawa idan mai bayar da ƙodar yana da ita, mai karɓa kuma bai taɓa kamuwa ba.

Alamunta su ne zazzaɓi, kasala, gudawa, ciwon ciki da raguwar fararen ƙwayoyin jini. A wurinmu da an ga haka sai a ce maleriya ce ko taifot, a nufi kemis. Kafin a ankara cutar ta taɓa hanji ko huhu, ko ta raunana ƙodar da aka sha wahala aka samu.

Gwajin jini na PCR ne ke nuna ko ƙwayar ta farka, da kuma yawanta. Gwajin IgG kafin dashe yake da amfani, domin abin da yake nunawa kawai shi ne mutum ya taɓa kamuwa. Ko da gwajin maleriya ya nuna akwai ta, a sanar da likitan ƙoda a ranar, ko a je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da takardun dashen, a tambaya ko za a yi PCR.

Maganin kariya, Valcyte, ana shan sa wata 3 zuwa 6 bayan dashe. Yana da tsada, amma kada a raba ƙwaya ko a tsallake rana don ya daɗe, hakan na sa cutar ta daina jin magani. Watannin da ke biyo bayan kammala shi ma lokacin sa ido ne sosai.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.