Me Ya Hana Mu Zuwa Badagiri?

Ya 'yan'uwana ɗalibai, duk lokacin da aka tayar da maganar ziyarar ƙaro ilimi, sai ka ji an ce Kano ko rijiyar Kusugu ta Daura. Ba na ja da wannan. Amma a ganina akwai wani ɓangare na tarihin Bahaushe da ke kwance a bakin teku, mun kuwa yi watsi da shi.

A hutun da ya wuce na tashi daga Shango na je Badagiri ta Jihar Legas. Da kwalekwale ake haye ruwa zuwa ƙauyen Gberefu, wuri tsit, sai bishiyoyin kwakwa da rairayi da rugugin teku. Ta nan aka riƙa kora bayi zuwa jiragen Turawa. Rijiyar da aka ce ana shayar da su tana nan a kan hanya. Cikin gari kuwa akwai kurkukun bayi na Seriki Abass, wanda ya rasu a 1919, 'yan ɗakuna masu sa mutum ya rasa numfashi. Ni da na koyi Hausa a kasuwa da makaranta, kunnena ya tsaya kan “Seriki”: ai “sarki” ne a bakin Bayarabe.

Daga tashoshin wannan gaɓar teku aka kwashi Hausawa da yawa zuwa Bahiya ta Brazil, inda suka ƙulla tawaye a 1807, wasu kuma suka shiga na 1835.

Za a ce kuɗin mota ya yi yawa. Gaskiya ne. To, mu fara karo-karo tun zangon karatu na farko, mu yi kwana biyu kacal, mu tafi da rikoda mu ɗauko Hausar Hausawan da ke zaune can.