Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba



Da wuya a samu wani daga cikinmu da bai taɓa rubuta "cikinta ya ba da ƙululu" ko "hanjin cikinsa suka kaɗa" ba. Harshenmu ya jibga wa ciki kaya masu yawa: farin ciki, baƙin ciki, zurfin ciki, har da cikin da ya ɗuri ruwa. Amma da za a tsare mu a ce mu faɗi abin da ke motsa hanjin nan dare da rana ba tare da izininmu ba, yawancinmu zuru za mu yi. A wannan makon za mu tattauna ne kan wata mata da ta shafe fiye da shekara 30 tana bin diddigin wannan tambaya, da kuma dalilin da ya sa muke ganin aikinta ya isa amsa ga masu cewa binciken da bai haifar da magani nan take ba asarar kuɗi ne.

Sunanta Edith Bülbring. An haife ta a birnin Bonn na Jamus a 1903, ta kuma karanci aikin likita. A 1933, bayan 'yan Nazi sun karɓi mulki, aka sallame ta daga asibitin da take aiki a Berlin saboda mahaifiyarta Bayahudiya ce. Ta tsallaka Ingila, ta samu aiki a ƙarƙashin masanin magunguna J. H. Burn, daga baya ta bi shi zuwa Jami'ar Oxford, garin da ta zauna har rasuwarta a 1990.

Kafin mu gane abin da ta yi, sai mun san cewa tsokar jikinmu ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta hannu da ƙafa, wadda muke ba wa umarni ta bi. Akwai ta zuciya. Sannan akwai ta uku, wadda ake kira tsoka mai sumul, domin in an duba ta a madubin ƙara girman abu ba a ganin zane-zanen da ke jikin sauran biyun. Ita ce ke bangon tumbi da hanji, da mafitsara, da mahaifa, da jijiyoyin jini. Ba ta jiran umarnin kowa. A zamanin Bülbring masana da yawa sun fi son aiki da jijiya ko tsokar ƙafar kwaɗo, domin su in ka taɓa su ka san abin da za su yi. Ita kuwa wannan, ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, ga ta da taurin kai, ta motsa sa'ad da ta ga dama, ta lafa sa'ad da ta ga dama. Abin da wasu ke gudu, shi Bülbring ta runguma.

Ga yadda aikin yake. A yanko ɗan siririn zaren tsoka daga jikin babban hanjin ɓeran Masar, a sa shi cikin ruwan gishiri mai ɗumi irin ɗumin jiki, sannan a ɗauko allurar gilashi wadda tsininta ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, a soka ta cikin ƙwayar tsoka guda ɗaya tak. Matsalar ita ce tsokar tana motsi, da ta motsa sai allurar ta zame, a koma farko. A 1954 ta wallafa ma'aunin lantarkin da ke tsakanin cikin ƙwayar da wajenta. Ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin 20 na batirin tocila ba, amma da shi hanji ke aiki. A 1955 ta nuna cewa akwai ɗan tartsatsin lantarki da ke tashi a ƙwayar, kuma gwargwadon yawan tartsatsin, gwargwadon ƙarfin matsewar tsokar. In aka ja tsokar ta miƙe, tartsatsin sai ya ƙaru. Ke nan loma da ta buɗa hanji ita da kanta take tsokano matsar da za ta tura ta gaba. A 1958 aka zaɓe ta cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Birtaniya, lokacin da matan da ke ciki ba su da yawa. A 1969 kuma, ita da abokan aikinta Alison Brading da Tadao Tomita suka ƙarfafa hujjar cewa sinadarin kalsiyam ne ke kwarara cikin ƙwayar ya haifar da tartsatsin, saɓanin jijiya da ta dogara da sinadarin sodiyam.

To, sai wani ya ce: wane mara lafiya ne ya warke ranar da aka auna lantarkin hanjin ɓera? Gaskiya babu. Kuma ba mu raina wannan tambaya ba. Uwar da ɗanta ke kwance da gudawa ba ta da lokacin jiran masu allurar gilashi. Sai dai mu duba inda zaren ya kai.

Magungunan hawan jini irin su amlodipine da nifedipine, waɗanda iyayenmu da yawa ke haɗiya kullum, aikinsu shi ne tare ƙofar da kalsiyam ke bi ya shiga tsokar jijiyar jini, sai jijiyar ta saki, jini ya sauka. Ana kuma ba da nifedipine don lafar da mahaifar da ta fara naƙuda kafin lokaci. Ba Bülbring ce ta haɗa su ba, wasu ne. Amma bayanin dalilin da ya sa suke aiki yana tsaye ne a kan irin tubalin da ita da ɗalibanta suka aza.

Akwai kuma tambayar da aikinta ya bari a buɗe: wa ke tsara lokacin motsin? Tun a 1922 wani likita Ba'amurke, Walter Alvarez, ya ba da rahoton cewa tumbin mutum yana da wata igiyar lantarki mai tafiya a hankali, kusan sau 3 a minti ɗaya. A farkon ƙaramin hanji takan kai kusan sau 12. Mu ɗauke ta kamar gangar noma a wajen gayya. Makaɗi yana ta kiɗa ko manoma sun duƙa ko sun miƙe suna hutawa, amma duk sa'ad da za su kai sara, a kan amon gangar za su kai shi. Igiyar ita ce kiɗan, tartsatsin Bülbring shi ne saran. Makaɗin kuwa an daɗe ba a gane shi ba, alhali tun 1893 masanin nan na Sifen, Santiago Ramón y Cajal, ya zana wasu ƙwayoyi masu rassa a bangon hanji, ya ɗauka dangin jijiya ne. Sai a 1982 Lars Thuneberg na Denmak ya kawo hujjar cewa su ne makaɗan. A 1994 da 1995 aka tabbatar da haka a jikin ɓerayen da aka haifa da tawaya a wani ƙwayar gado mai suna Kit: babu waɗannan ƙwayoyi a ƙaramin hanjinsu, babu kuma kiɗan. A 1998 masana a Japan suka gano cewa lalacewar wannan Kit ɗin ce ke haddasa wata nau'in sankarar tumbi da hanji, a 2002 kuma Amurka ta amince da maganin imatinib don wannan sankara. Daga zanen Cajal zuwa ƙwayar magani shekara 109 ke nan. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Ko uwar nan mai ɗa da gudawa, ruwan gishiri da sukari da take dama masa yana da irin wannan tarihi. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa sukari da sodiyam tare suke ratsa bangon hanji, ruwa ya biyo bayansu. A ranar ba wanda ya warke. Yau shi ne bayanin abin da ke ceto yara a ko'ina cikin duniya.

Wannan ilimi ya shafe mu har cikin gida. Mai ciwon suga da ya daɗe da cutar yakan wayi gari loma uku ta cika masa ciki, ga tashin zuciya, wani lokaci ya amayar da abincin da ya ci sa'o'i da yawa da suka wuce. An duba bangon tumbin irin waɗannan majinyata an tarar makaɗan nan sun ragu. Cuta ce da likitoci suka sani, kuma ana iya sassauta ta. Amma mun san abin da za a fara faɗa a tsakar gida: an sa masa hannu. Mun kuma san sau nawa labaranmu suka goyi bayan wannan zato, inda duk ciwon cikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai a ɗora shi a kan kishiya. Mai karatu yana ɗaukar abin da ya karanta ya shiga da shi ɗakin majinyaci, wani lokaci a yi watanni ba a je asibiti ba.

Don haka ra'ayinmu bai sauya ba: ƙasar da ta ce sai binciken da zai biya kuɗinsa bana za ta tallafa wa, ta yarda ke nan ta dawwama tana sayen amfanin gonar da wasu suka nome. Jamus ta kori Bülbring saboda asalin mahaifiyarta, Ingila ta ba ta teburi da lokaci, duniya ta ci moriya. Nan gaba in mun zo rubuta cewa cikin wata ya ba da ƙululu, mu tuna akwai makaɗi a ciki da bai taɓa ajiye gangarsa ba tun muna cikin tsumma.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.