Ungogo: A Fitar Da Hanya Kafin A Kafa Tubali

Duk wanda ya bi titin Katsina daga Kurna ya nufi Dawanau, ko ya bi titin Gwarzo ya wuce Kabuga ya shiga Rijiyar Zaki, ba zai iya nuna wurin da birnin Kano ya tsaya ƙaramar hukumar Ungogo ta fara ba. Gidaje sun haɗe, kasuwanni sun haɗe, adaidaita sahun da ta ɗauko fasinja daga Kantin Kwari ita ce ke sauke shi a Bachirawa. Ungogo ta rungumo birnin ta arewa da wani sashe na yamma, da mazaɓu goma sha ɗaya da suka haɗa da Gayawa, Rangaza, Kadawa, Tudun Fulani, Zango, Karo, Yadakunya da Fanisau, a faɗin ƙasa da ya kai kimanin murabba'in kilomita 200. A ƙidayar 2006 an samu sama da mutum 360,000 a cikinta, wato kusan kai ɗaya da ƙaramar hukumar Birni da Kewaye, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙirga jama'a ba, gini kuwa bai tsaya ko na damina ɗaya ba. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, babban aikin da Ungogo ke bin gwamnati bashinsa shi ne gwamnatin ta riga magini isa gonakin da suka rage, ta fitar da hanyoyi da magudanan ruwa da filayen amfanin jama'a tun ƙasar tana fili. Sauran matsalolin yankin, daga ruwan sha zuwa lafiya zuwa tsaro, duk a kan wannan suka rataya.

Yankin yana da tarihinsa tun kafin birni ya cim masa. A Fanisau ne Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya kafa ribaɗi don tsare Kano daga hare-haren arewa, kuma gidan sarki na can shi ne ya sa Hawan Fanisau ya shiga jerin hawan salla. Ƙasar da ke kewaye da ganuwa tana cikin wuraren da aka fi nomawa ba hutu a duk Afirka ta Yamma. Manomi kan ɗora wa jakinsa itace ko hatsi ya kai birni, ya dawo da mangalar taki ya zuba a gona, haka shekara da shekaru ba tare da ƙasar ta gaji ba. Kowace gona tana da mai ita, kowace iyaka an san wanda ya gaje ta. Wannan ne ya sa faɗaɗar Kano ta bambanta da ta garin da aka kafa a daji: duk taƙin da birni ya ƙara, gonar wani ya shiga, kuma dole a yi ciniki da shi.

Yadda cinikin ke gudana kowa ya san shi, shi ne awon igiya. Magada sun gaji gona, wani yana son aure, wani yana son jari, wani kujerar Makka, sai a kira dillali. Dillali ya zo da igiya da turaku, ya yanka gonar fuloti-fuloti, ƙafa hamsin-hamsin ko ma rabin haka, ya bar ɗan tsukin da zai kira hanya. Tun da kowane taƙin da aka bar wa hanya kuɗi ne ya fita daga aljihun mai gona da na dillali, hanyar takan zama iya abin da mutum biyu za su gifta. A rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, shi ke nan. Mai gonar da ke maƙwabtaka kuma ya yi nasa awon a wata shekarar da wani dillalin, ba tare da ya duba inda lungun na farko ya fuskanta ba, sai ka ga hanya ta tafi ta ci karo da katangar wani ta mutu a nan. Babu wanda ya ware filin makaranta, ko na asibiti, ko na maƙabarta, domin ba nauyin mai gona ɗaya ba ne ya yi wa unguwa gaba ɗaya wannan sadakar. Haka aka gina manyan sassa na Bachirawa da Rimin Kebe da Gayawa.

Sakamakon yana bayyana ne bayan an tare. A fili mai ƙafa ashirin da biyar a faɗi, rijiya da masai ba su da inda za su nisanci juna, kuma masan maƙwabci yana bayan katanga. Ruwan wanka da na wanke-wanke yana fitowa ta rariya ya kwanta a tsakiyar lungu, yara su tsallake shi da safe a hanyar Islamiyya. Idan mace ta fara naƙuda da dare, sai an riƙo ta an taka da ita zuwa inda mota ke iya tsayawa. Idan gobara ta tashi, motar kashe gobara takan tsaya a bakin titi ma'aikata suna kallon hayaƙi daga nesa. Hukumar ruwa ko ta so ta shimfiɗa bututu, ba ta da layin da za ta bi, don haka gida ya dogara da mai garuwa da kurarsa ta jarkoki, talaka ya sayi ruwa da tsadar da mai famfo a Nasarawa bai taɓa biya ba. Inda aka yi gini a kan hanyar ruwa aka kuma haƙe yashi, ƙasa takan rama, kamar yadda kwazazzabon Bulbula da Gayawa ya yi ta cin gidaje har sai da gwamnati ta shiga da aikin maƙudan kuɗi. Lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, Ungogo tana cikin ƙananan hukumomin da suka fi jin jiki. Ƙarancin rigakafi ne tushen wannan annoba, amma cunkoson ɗakuna da nisan asibiti su ne suka ba ta wurin zama.

Za a ce, kuma da gaskiya, awon igiya ne ya ba talaka muhalli. Lebura da ɗan adaidaita da malamin firamare ba su da hanyar samun fulotin gwamnati, wanda kan ƙare a hannun masu uwa a gindin murhu, su kuma su sayar da shi ninkin-ba-ninkin. Rukunin gidaje irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo an tsara su da kyau, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin mutumin da ke tara kuɗin bulo ɗari-ɗari. Dillali kuwa yana karɓar biya kaɗan-kaɗan, ba ya neman takardar shaidar biyan haraji, ba ya sa ka yi shekara kana zarya a ofis. Na yarda da wannan gaba ɗaya, shi ya sa ban ce a hana awon igiya ba, kuma duk dokar da ta ce za ta hana shi a kan takarda za ta tsaya. Abin da ake nema ƙarami ne: kafin a yanka gonakin wani yanki, hukuma ta zo ta kafa duwatsun manyan hanyoyi da na magudanan ruwa, ta ware filin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta, sannan ta bar masu gona su sayar da abin da ke tsakani yadda suka saba, da girman fulotin da talaka zai iya saya. Mai sayen ƙaramin fili ba ya ƙin hanya, rashin wanda zai tsaya masa a kanta ne ya sa ya haƙura.

Za a kuma ce babu kuɗi. Wannan hujja tana da ƙarfi idan ana maganar kwalta da gadoji, amma fitar da layin hanya a gona aikin masu safiyo ne da siminti kaɗan da zama da jama'a. Hanyar da aka ware za ta iya zama ta burji shekara goma tana jiran kwalta, ba abin da ya ɓaci, muddin an hana a gina a kanta. Tsadar tana zuwa ne idan an makara. Duk titin da za a fasa a unguwar da ta riga ta cika sai an rushe gidaje, an biya diyyar gini, an sha shari'a, an kuma bar iyalai da baƙin ciki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kano ma ba baƙuwar tsari ba ce, domin tun farkon shekarun 1960 aka yi mata taswirar ci gaba ta shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wadda aka fi sani da tsarin Trevallion. Wa'adinta ya cika, birnin ya ninka kansa ya sake ninkawa, hukumar tsara birni ta sauya suna daga KASEPPA zuwa KNUPDA, amma jami'inta ya fi zuwa unguwa da jan fenti bayan an kai linta, maimakon ya zo da na'urar awo tun ana girbe dawa.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi: manomi ba ya amince wa gwamnati, kuma yana da dalili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta kuma tsayar da diyya a kan abin da ke bisa ƙasar, kamar amfanin gona da itatuwa da gini, ban da darajar filin kansa. Saboda haka da zarar an ji ƙishin-ƙishin gwamnati na zuwa, mai gona yakan yi maza ya kira dillali, don gara ya sayar da hannunsa da a ba shi kuɗin bishiyar mangwaro. Rikicin Rimin Zakara, inda jayayyar fili ta shekaru da dama tsakanin mazauna da Jami'ar Bayero ta kai ga rusau da asarar rayuka a watan Fabrairun 2025, ya nuna inda ake ƙarewa idan an karɓi ƙasa a takarda aka bar mutane cikin rashin tabbas. Maganin wannan tsoro shi ne a mai da manomi abokin tarayya. Kanawa sun san tsarin kashe-mu-raba, inda gwamnati ke tsara gona ta mayar wa mai ita wani kaso na fulotan. A ƙasashen Japan da Koriya ta Kudu da jihar Gujarat ta Indiya, da irin wannan dabara aka faɗaɗa birane: kowane mai ƙasa ya ba da wani yanki don hanya da amfanin jama'a, a mayar masa da saura wanda darajarsa ta ƙaru saboda yanzu yana bakin titi da takarda mai inganci. Sharaɗin nasararsa shi ne a yi shi a bainar jama'a, a kafe taswira da sunayen masu gona a ƙofar gidan dagaci, a kuma rubuta kason kowa kafin a kafa turke ɗaya. Idan aka bar rabon a ɗakin ofis, sunan tsarin ne kawai zai sauya.

Akwai masu ganin cewa hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, zai wadatar. Ko da an aiwatar da shi yadda ya kamata, zai taimaka wajen gyaran azuzuwa da ɗakunan shan magani da kwashe shara, amma ba zai warware matsalar tsarin ba. Hanyar da ta taso daga Dala ko Fagge ta ratsa Ungogo ta faɗa Dawakin Tofa ko Minjibir ta fi ƙarfin shugaban ƙaramar hukuma ɗaya. Ruwan Jakara da ke ɗauko dattin birni ya bi ta gonakin lambu bai san iyakar mazaɓa ba. Ikon ƙasar birni kuma a doka na gwamna ne. Don haka jagorancin aikin na jiha ne, ƙaramar hukuma da masarauta su zama hannunta a ƙasa. Dagatai da masu unguwanni su ne ke sa hannu a kusan kowane ciniki, sun san kowace gona da magadanta. Idan aka ba kowannensu kwafin taswirar yankinsa, aka ɗora masa alhakin ƙin sa hannu a kan filin da ya faɗa hanya, aka kuma yi wa dillalai rajista da sharaɗin soke ta ga wanda ya sayar da layin jama'a, an toshe ƙofar da ɓarnar ke shigowa.

Unguwannin da suka riga suka cika kuwa, rusau na gayya ba zai gyara su ba. Mutanen da ke ciki sun sayi filayensu da guminsu, a gaban shaidu, hukuma tana gani ba ta ce uffan ba. Abin da ya dace shi ne a zauna da kowace unguwa a zaɓi layi ɗaya ko biyu da za a faɗaɗa don motar asibiti da bututun ruwa, a biya waɗanda abin ya shafa diyyar da za ta sake gina musu gida a kusa, a sauƙaƙa wa sauran samun takardar mallaka, sannan a saye 'yan filayen da suka rage a tsakiyar gidaje don makaranta da asibiti kafin su ma su tafi.

Gaggawar tana wajen Karo da Yadakunya da bayan Fanisau da Rangaza, inda har yanzu ake shuka gero da dawa, kuma dillalai sun riga sun san hanyar zuwa. Gwamnatin jiha tana iya farawa da mazaɓa guda a wannan rani: ta aika masu safiyo, ta tara masu gona da dagatai, ta kafa duwatsun hanya, ta wallafa taswirar kowa ya gani. 'Yan majalisar da ke wakiltar Ungogo a Kano da Abuja su nemi a sa kuɗin wannan awo a kasafin baɗi da sunansa, ƙungiyoyin ci gaban unguwanni kuma su riƙa tambayar duk mai neman ƙuri'arsu ranar da za a fara. Kowace damina da ta wuce ba a yi ba, wasu gonakin sun zama lunguna, kuma yaran da za a haifa a cikinsu ne za su biya kuɗin jinkirin da lafiyarsu da karatunsu.