Sharhi: Daga Maƙera Aka Faro Tabarau Mai Tsada

Sharhinmu na yau a kan tabarau ne, musamman siririn ƙarfen nan da ke riƙe gilashi, wanda mai kyansa ke da tsada ƙwarai.

Me ya sa yake tsada haka? Aikin da ya sha ne. A garin Sabae na jihar Fukui a Japan, inda ake ƙera fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙarafan tabarau na ƙasar, guda ɗaya kan bi matakai wajen 200 kafin ya hau fuska. Da zane ake farawa, sannan a sassaƙa ma'aunin da za a buga shi a ciki. Sai a kawo taitaniyom, ƙarfe marar nauyi wanda gumi ba ya ci. Inji ya danne shi sau da yawa, tsakanin dannawa a gasa shi ya yi laushi don kada ya tsage. Wayar da ke zagaye gilashi kuwa ana yi mata kwari a ciki, inda bakin gilashin zai zauna daram. Walda ita ce wurin gwaninta, domin taitaniyom in ya yi zafi ya haɗu da iska yakan lalace, dole a kare shi da iskar argon. Daga nan a zuba ƙarafan cikin ganga mai juyawa tare da ɓawon gyaɗar turawa, su kwana suna gogewa, sannan gwani ya bi da hannu, a shafa ruwan zinari, a ɗaura ƙananan kusoshi, a daidaita kunnuwa.

To, su wa suka faro wannan sana'a a wuraren da suka yi suna da ita? A Morez, cikin duwatsun Jura na Faransa, wani maƙerin ƙusa ne, Pierre-Hyacinthe Caseaux, ya lanƙwasa waya ya yi tabarau a 1796. A Fukui, Masunaga Gozaemon ya gayyato gwanaye daga Osaka a 1905 don manoma su samu abin yi lokacin da ƙanƙara ta rufe gonaki. Wato sana'ar rani ce, irin wadda matasanmu ke barin gida suna nema a Libiya da Aljeriya.

Mu kuwa Damagarawa ba baƙin ƙarfe ba ne. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran Zinder har igwa suka zuba. Yau ma ka zauna gaban maƙerin fari ka ga yadda yake jan azurfa ta zama kamar zare, ya ɗiga lida daidai ƙwayar gero, ya ɗauke da ɗan awartaki. Hannun da ya iya wannan ba zai gaza gyara maɗaurin tabarau ba.

Amma me muke gani? Dattijo ya sayi tabarau a faifan mai talla a Kasuwar Dole ta Zinder, ba awon ido, wata biyu ƙarfen ya yi kore, kunne ɗaya ya ɓalle, ya ɗaure da zare. Ɗaliba kuma ta karya nata, karatu ya tsaya sai an aika Kano ko Yamai.

Ba mu ce gobe a kafa masana'antar taitaniyom a Zangon Zinder ba. Da rarrafe yaro kan tashi. Kiranmu ga hukumomin koyar da sana'o'i, da masarauta, da Sarkin Maƙera, shi ne a zaɓi 'ya'yan maƙera a haɗa su da ma'aikatan ido na asibiti. Su koyi auna faɗin fuska, da walda mai laushi, da sauya maɗauri, da zaunar da gilashin da likita ya rubuta. In gyara ya kama hannu, ƙira za ta biyo baya, kuɗin kuma ya tsaya a gida.

Ku kuma masu sauraro, ku fara da awon ido a asibiti kafin ku zaɓi ƙarfe.