Giwa Ta Tafi, Wa Zai Shuka Kurmi?

Hirarmu ta wannan wata a kan giwa ce. Ba irin ta Waza da mutanen arewacin Kamaru suka sani ba, a'a, 'yar ƙaramar nan ta kurmi da ke zaune wajen Dja da Lobeke, har zuwa Gabon da Kwango.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa daga 2002 zuwa 2011 giwayen kurmi sun ragu da kashi 62 cikin ɗari, galibi saboda farautar haure. A gandun Minkebe na Gabon kaɗai an rasa kimanin 25,000 tsakanin 2004 da 2014. Wani zai ce, to mene ne nawa a ciki, ni da nake sayar da yadi a Briqueterie?

Ga abin da ke ciki. Giwa manomiya ce da ba ta san tana noma ba. Akwai itatuwan kurmi masu manyan 'ya'ya da ƙwallo mai tauri, waɗanda biri da tsuntsu ba sa iya haɗiyewa. Ita ce take haɗiye su, ta yi tafiya mai nisa, ta kasayar da ƙwallon a cikin kashinta, ga iri ga taki. Cikinsu akwai wata 'yar'uwar aduwarmu, wadda ƙwallonta ba ya tsirowa da kyau sai ya bi ta cikin giwa. Moabi ma, da mata ke tatsar mai daga ƙwallonsa, yana cin wannan gajiya. Inda babu giwa, 'ya'yan sai su zube a gindin uwarsu, ƙwari da ɓeraye su cinye.

An ga haka a gandun Salonga na Kwango, inda aka kusa ƙarar da giwaye. Cikin irin itatuwa 18 da suka dogara da su, 14 ba sa samun isassun ƙanana da za su gaje su.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar ba ta nuna kanta. Direban da ya bi hanyar Yokadouma zai ga kurmi kore shar, ya ce lafiya lau. Tsofaffin itatuwa ne yake gani, masu shekaru ɗaruruwa, kuma su ne motocin katako ke kwasa zuwa Duwala. Ranar da suka ƙare, waɗanda za su maye gurbinsu su ne masu iri marar nauyi da iska ke watsawa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.