Kafin Ka Sauya Waya, Dubi Inda Rana Take

Kusan duk matashin da ya kawo mini hotunansa yana ƙorafi, kukansa ɗaya ne: "Yallaɓai, wayar ce ba ta da kyamara mai kyau." In na karɓa na duba, sai in ga an tsayar da amarya a tsakar gida rana na tsaka, ta runtse ido, inuwar goggoro ta rufe mata rabin fuska, ga igiyar shanya ta ratsa ta bayan wuyanta. Wannan ko iPhone mafi tsada ba za ta gyara shi ba.

Seydou Keïta ya buɗe shagon hotonsa a Bamako a 1948. Yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi, da hasken Allah, da ƙyalle mai zane a rataye a baya. Fim yana da tsada, saboda haka ɗauka ɗaya yake yi wa mutum. Dole ya tsaya ya gyara zaman hannu, ya daidaita faɗuwar riga, ya juya fuska zuwa inda haske ya fi yi mata kyau, sannan ya danna. Hotunan nan ne aka baje a Grand Palais na birnin Paris a 2016. Mu kuwa yau dannawa kyauta ce, sai mu yi ta yi barkatai muna fatan a dace. A ganina arhar nan ce ta fi komai hana sabon shiga koyo.

Haske ne darasin farko. Rana tsaka muguwa ce ga fuska, musamman ga mai hula ko rawani. Jira hantsi, ko la'asar sakaliya, lokacin da hasken ke zuwa ta gefe. In biki ya ƙi jira, kai mutum bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa, fuskarsa na kallon waje, kai kuma ka ba wa waje baya. Hazon hunturu ma, da muke ta tsinewa, yana tausasa haske yadda mai hoto ke so. Sai dai a riƙa goge madubin kyamara da ƙyalle mai laushi, don ƙura da maiƙon yatsa ke jawo dishi-dishin da ake ɗora wa waya.

Akwai matsalar da ta fi shafar mu. Kyamara takan auna hasken duk abin da ke gabanta ta nemi tsaka-tsaki. Idan baƙin mutum ya sa farar shadda da ta sha bugu, farin ya rinjaye ta, sai ta rage haske, fuskar ta dushe. Maganin bai kai daƙiƙa biyu ba: taɓa fuskar a allon waya, sannan ka ja alamar ranar da ta fito sama kaɗan. Abin da ba na so shi ne a gyara wannan da filtar da ke mayar da mutum fari sol kamar an shafe shi da alli. Uwarsa ma sai ta sake kallo kafin ta gane shi.

Kada ka zuƙo hoto da yatsu biyu. A yawancin wayoyi yanke shi kawai kake yi, ingancin ya zube. Taka da ƙafa. Yaro kuma durƙusa masa za ka yi, idonka daidai nasa. Dubi baya kafin gaba, kada falwaya ta tsiro daga kan ango.

Sauran kuma hali ne. Mai ɗaukar hoto Fati Abubakar ta fara aikin hotunanta mai suna Bits of Borno a 2015, tana ɗaukar mutanen Maiduguri a kasuwa da makaranta da wajen biki, a lokacin da duniya ba ta ganin komai na garin sai tarzoma. Irin fuskokin nan da suka saki jiki ba a samun su da sata daga nesa. Yi sallama, gaisa, nemi izini, in an ɗauka ka nuna wa mutum. Wanda ya ce a'a, musamman matar aure, mayar da wayarka aljihu ka yi gaba.